Tim ɗin Juma'a ko na Lahadi, ina zan saka Saratu?

Assalamu alaikum Admin, sannu da ƙoƙari, ina kuma gaida duk 'yan wannan gida manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma Admin a ɓoye sunana. Sunayen da zan ambata duk na canza su, wasu abubuwan ma na rage su da gangan, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Ni ba mai yawan rubutu ba ne, difloma kawai na yi, sauran a shagon gyaran kwamfuta na koya a Jimeta, idan na ja zancen ku yi haƙuri da ni.

Ina aiki a wani kamfani da ke kula da kwamfutoci da firinta da intanet na ƙananan asibitoci da ɗakunan gwajin jini da shagunan magani, a Jimeta da cikin Yola, har zuwa su Girei da Fufore da Numan. Mu da muke fita gyara ba mu kai ashirin ba. Asibiti ba ya rufewa, don haka mu ma babu ranar da ba a aiki, kowa yana da rana ɗaya ta hutu a mako. Watannin baya ni ba shugaba ba ne. Shugabanmu Oga Bitrus ne, mutumin wajen Numan, Allah ya yi masa rasuwa bayan jinya, aka ce ni zan riƙe wurin. Shi ya ɗauke ni aiki, shi ya koya mini yawancin abin da na sani. Na je garinsu na tsaya har aka rufe shi. Har yau idan muka biyo ta gada na ga matar da yake sayen gasasshen kifi a wurinta, sai in ji na rage gudu ban sani ba.

Dole in faɗa muku yadda yake tafiyar da mu, don a nan matsalar ta samo asali. Na fara aiki ne a lokacin da mutanen Mubi da Michika suka gudo daga 'yan bindiga suka cika garin nan, kowane gida da baƙi, kowace hanya da shingen sojoji. Ku tuna abin da ke cikin jakar mai aiki irin namu, wayoyi ne kala-kala da batura da ƙananan na'urori. Idan soja ya buɗe jakata ya ga wannan, ya kuma dubi gemuna, sai in ga fuskarsa ta canza. Shi ya sa Oga Bitrus ya hana kowa fita shi kaɗai. Ya haɗa mu biyu-biyu, Musulmi da Kirista, yana ce mana tagwaye. Idan ya ga mutum shi kaɗai a bakin mota sai ya ce, "Kai Hassan, ina Usainin naka?" Ni da shi ne tagwayen farko. Yana kirana Modibbo, wato malam da Fulatanci, saboda butar da ba ta rabuwa da motar, ni kuma ina ce masa Fasto duk da ko waƙar coci ɗaya bai iya kaiwa ƙarshe ba. Wata rana a hanyar Girei soja ya zazzage jakata a ƙasa, Oga Bitrus ya leƙo ya ce, "Ofisa, wannan Modibbon ko kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci." Sojan ya yi dariya ya bar mu. Akwai kuma unguwannin da ni nake shiga gaba in yi magana da Fulatanci, shi ya biyo ni a baya yana shiru.

Da abubuwa suka lafa ba mu bar tsarin ba, don ya zo mana da wani amfani. Ranar Juma'a ɗan uwanka Kirista ya riƙe maka asibitocinka, ranar Lahadi kai ka riƙe masa nasa. Babu inda aka rubuta wannan. Tsakaninku ne ku biyu, ranar da ka huta da dalilin da ya sa ka huta ba ruwan kowa.

A haka Saratu ta zo. Oga Bitrus ne ya kawo ta, mace mai shiru, hannunta na da kyau a aiki, musamman haɗa netwok. Abin da kowa ya sani shi ne daga arewacin jihar take, ita da mijinta suna da shagon buga takardu a garinsu kafin 'yan bindiga su shiga garin, mijin bai fito ba, ita ma ba ta fito tare da mutane ba sai bayan watanni a hannunsu. Tana zaune wurin goggonta a unguwar Karewa. Da ta zo sai Oga Bitrus ya raba ni da shi, ya haɗa ni da Emeka, wanda a Jimeta aka haife shi, mahaifinsa ɗan kasuwa ne, Hausarsa ta fi tawa gudu. Shi kuma ya ɗauki Saratu. Aka yi ta tsokanarsa wai ya karya dokarsa da kansa, ya haɗa 'yan coci biyu. Ya ce shi oga ne, ba ya bukatar wanda zai riƙe masa. Saratu tana aiki ranar Juma'a, tana aiki ranar Lahadi, Talata take hutawa. Muka saba da haka har muka daina lura.

Sai da ya kwanta asibiti na san dalili. Na je duba shi da rana, matarsa ta fita karɓo magani, ya kama hannuna ya ce, "Modibbo, yarinyar nan, kada ka bari kowa ya tambaye ta." Na ce tambayar me. Ya yi magana kaɗan, ni ma kaɗan zan faɗa. Ya ce da Saratu ta kuɓuto, goggonta ta kai ta coci, a nan wasu mata suka matsa daga bencin da ta zauna, wata kuma ta tambaye ta a gaban mutane wane suna aka sa mata a can. Tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Masallaci ma ba ta zuwa, ba wanda ya taɓa ganin ta tana salla. Ya ce shi kansa bai san abin da ke zuciyarta ba, bai kuma nema ba. Aikin Lahadi shi ne uzurinta a gida, goggo ta san asibiti ba ya jira, sai ta ƙyale ta. Ya ce, "Ita da Ubangijinta za su gama maganarsu, mu namu mu ba ta wurin zama." Na ce masa in sha Allahu. Ban sake samun shi cikin hayyacinsa ba bayan wannan.

To bayan na karɓi aiki sai hedikwata ta kawo sabuwar manhaja ta tsara ma'aikata. Wata madam ta zo daga Abuja ta koya mana. Kowa an saka masa a waya. Idan asibiti ya kira, sai ya zama tikiti, sistem ya tura wa tim ɗin da ke bakin aiki, a ga wanda ya je da lokacin da ya gama. Gaskiya abin yana da kyau, ba na kushe shi, da can kira yakan ɓace tsakanin mutum biyu kowa yana zaton ɗayan ya je. Amma dole kowane ma'aikaci ya kasance cikin wani tim, kuma ranar hutu ta tim ce gaba ɗaya ba ta mutum ɗaya ba. Ko dai a kafa wa tim rana ɗaya da ba ta canzawa, ko a bar sistem yana juya ranar mako-mako. Na tambayi madam ko za a iya ba kowa ranarsa daban, ta ce wannan yana cikin babban tsarin da kamfani bai saya ba. Na tambaya ko tagwaye za su iya zama tim, ta ce mutum biyu sun yi kaɗan, kuma ko an yarda rana ɗaya za su huta tare, to wa zai riƙe wa wani. Ta ce in raba mutanena yadda na ga ya dace in shigar.

Na kira mitin. Emeka ne ya kawo shawara, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a yi tim biyu, tim ɗin Juma'a da tim ɗin Lahadi, kowa ya shiga inda ranar ibadarsa take. Aka tafa masa. Musulmi suka ji daɗi, Kirista suka ji daɗi, ban taɓa ganin mun yarda da abu ɗaya da sauri haka ba. Kuma ba zan ce Emeka ya yi da mugun nufi ba, shi ke jan waƙa a cocinsu, idan rana tana juyawa zai riƙa rasa Lahadi. Ni kaina na gyaɗa kai. Sai da aka fara cewa kowa ya faɗi tim ɗinsa na dubi Saratu, tana can gefe tana naɗe wata waya a hannunta, tana warwarewa tana sake naɗewa, na kuma ga ba ni kaɗai nake kallon ta ba. Nan na ce a dakata, zan yi tunani tukuna.

Akwai dalilin da ya sa ake kallon ta. Bara muna aiki a wani asibiti a Mbamba, janareta ya yi wata ƙara kamar harbi, kowa ya firgita. Saratu ta durƙusa ta toshe kunne, abin da ya fito daga bakinta kuma addu'a ce da Larabci, ta yi ta maimaitawa ba ta san tana yi ba. Mutum biyu daga cikinmu sun ji. Oga Bitrus ya kashe maganar a lokacin, ya ce duk wanda ya ɗaga ta zai gamu da shi, amma an ci gaba da yin ta ƙasa-ƙasa. Wani daga cikin 'yan uwana Musulmi ya taɓa ce mini, cikin murna ma yake faɗa, ai Adda Saratu, wato Yaya Saratu da Fulatanci, tamu ce kunya kawai take ji. Na ce masa ya kama bakinsa. Ni Musulmi ne, ina son addinina, amma abin da aka cusa wa mutum a bakin bindiga ba na iya kiran shi riba, ba na kuma iya cewa na san abin da ya zauna a zuciyarta da abin da bai zauna ba.

Yanzu ku duba. Idan na saka ta a tim ɗin Juma'a, sunanta zai fito a wayar kowa a tsakiyar sunayen Musulmi, kamar na sa hannu ne a kan abin da ake raɗawa, kuma kafin Lahadi ta zagayo maganar ta isa Karewa, domin matar Emeka da goggon Saratu coci ɗaya suke zuwa. Ban san ko za ta ci gaba da samun wurin kwana a gidan ba. Idan na saka ta a tim ɗin Lahadi, uzurinta ya ƙare, kowace Lahadi tana gida, goggo za ta ce ta shirya su tafi, ko ta koma bencin nan ko ta faɗi dalilin da ya sa ba za ta koma ba. Idan kuma na kira ta na ce wane tim kike so, to na yi tambayar da aka roƙe ni kada in bari a yi. Ba ta ma san Oga Bitrus ya gaya mini komai ba.

Na gwada wata hanya. Na ce a yi tim na uku mai hutun Talata, don a samu masu riƙe ranakun biyu, duk mai so ya zo ya same ni a ofis. Na yi niyyar saka kaina a ciki, in riƙa fita sallar Juma'a in dawo aiki, amma sistem ba ya karɓar shugaba a cikin tim, tunda ni ke rabon aiki ba a tura mini tikiti. Na jira, ba wanda ya zo. Saratu ma ba ta zo ba, na kuma gane dalili, idan ita kaɗai ta zo ai ta nuna kanta da yatsa.

Daga nan na yanke shawara ni kaɗai. Na sanar cewa za a raba tim ne bisa yanki, na Jimeta, na cikin Yola, da na wajen gari, kowane a gauraye, ranar hutu tana juyawa. A haka ba a tambayi kowa komai ba. Na san ba cikakken magani ba ne, ita ma wata Lahadin za ta faɗo mata, amma sau ɗaya jefi-jefi mutum yana iya cewa ya gaji ko kansa na ciwo. Abin da ban zata ba shi ne yadda ofis zai kama wuta. Emeka ya same ni a bakin mota, mutumin da muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, wanda ya kwana da ni a asibiti da aka yi wa 'yata aiki. Ya ce, "Modibbo, me na yi maka? Ni na riƙe maka Juma'a har ka yi furfura, yau ka hau kujera Lahadina ce ta tsone maka ido?" Ya ce ƙasar kabarin Oga Bitrus ba ta bushe ba an fara nuna musu wanda ke mulki. Wannan maganar ta shige ni, har yanzu tana nan. Na ce masa ba haka ba ne. Ya ce to yaya ne, in faɗa masa dalili ɗaya. Na kawar da kai na ci gaba da saka kayan aiki a mota. Ya ce shi ke nan, ya gane, ya shiga keke napep ya bar ni da motar.

'Yan uwana Musulmi ma ba su bar ni ba. Sun ce tsoron kada a ce ina son kai ne ya sa na sayar da Juma'arsu, wai ina neman suna a wurin Kirista. Yanzu idan na shigo ofis sai hira ta tsaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda aka fara zama, waɗannan a benci ɗaya, waɗancan a ɗaya, abin da ban taɓa gani ba ko a shekarun da ake tashin bam a garin nan. Na yi abin don kada a raba su, ga shi sun rabu ta dalilina.

An kai ƙarata hedikwata. Madam ta kira ni, ba ta yi faɗa ba, ta ce in ba ta dalili. Na ce haɗin kai, na kawo mata tarihin tagwaye. Ta ce ta fahimta, amma yanzu ba shingaye kamar da, kuma idan ma'aikata duka sun zaɓi abu ɗaya wanda bai saɓa wa doka ba, ba ta ga abin da zai sa shugaba ya toshe ba. Ta ba ni zuwa ƙarshen makon nan. Idan ban shigar da tim ɗin da mutane suka yarda da shi ba, ita za ta shigar daga can, ta bi sunaye ta raba, wanda sunansa bai nuna mata ba ta kira shi a waya ta tambaye shi. Ku da kuke nan kun san Saratu suna ne da ake samu a kowane gida, na Musulmi da na Kirista, sunanta na gaskiya ma haka yake. Ita za a fara kira.

Matata ta ce in kira Emeka gefe in gaya masa gaskiya, ta ce mutum ne mai tausayi, idan ya ji shi da kansa zai juya sauran, wataƙila ma ya samo waɗanda za su shiga tim ɗin Talata. Na san yana da tausayi. Na kuma san ba ya iya ɓoye wa matarsa komai, ko kuɗin da ya ci tsire sai ya faɗa mata. Wani abokina kuma ya ce in gaya wa madam, ita ba 'yar gari ba ce, ba ta san kowa ba. Amma a ofis irin nasu abu ba ya tsayawa a baki, sai an rubuta dalilin da ya sa aka ware mutum ɗaya, kuma ban san idon da zai karanta ba. Bayan haka ma, labarin nata ne. Mace ta yi shekaru tana riƙe da abinta ba ta ba kowa ba sai mutum ɗaya, shi ma ya tafi. Ni wane ne da zan ɗauka in ba wani don a daina fushi da ni? Ko wannan rubutun sai da na yi ta gogewa ina sakewa kafin na turo.

Saratu ba ta ce mini komai ba a duk wannan rikicin. Tana zuwa da wuri, tana gaishe ni kamar yadda ake gaida babban wa da Fulatanci, "Hamma, ina kwana," ta ɗauki jakarta ta fita. Amma shekaranjiya wata nas daga ɗaya daga cikin asibitocinta ta kira ni tana tambaya ko canza musu ma'aikaciya za a yi. Na ce me ya sa. Ta ce Saratu ta zo da ɗaya daga cikin abokan aikinmu tana zagayawa da shi, tana nuna masa inda kowace waya ta bi ta cikin silin, da firintar da sai an ɗan buga ta a gefe take ɗauka, da likitan da ba ya son a taɓa masa tebur. Na bincika, ashe ta yi haka a wurare da yawa cikin makon nan. Jiya na same ta tana goge kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a akwatin kamfani, har da waɗanda ta saba tafiya da su gida. Na ce Adda lafiya? Ta ce, "Lafiya lau Hamma. Kada ka ɓata da mutanenka, sun daɗe tare da kai." Ta ci gaba da gogewa.

'Yan uwa, wannan aikin shi ne abin da ya rage mata, da shi take ci, da shi take fita daga gida, a nan ne kawai ake kiran ta don abin da ta iya. Don Allah kada ku rubuto mini cewa in yi mata wa'azi, ko in mayar da ita coci, ba wannan na tambaya ba, kuma ba hurumina ba ne. Abin da nake tambaya shi ne, in gaya wa Emeka in karya alkawarin mamaci ko zan samu in riƙe ta? Ko in je wurinta ita kanta in ce mata na sani, mu nemi mafita tare, alhali ban san ko za ta iya sake haɗa ido da ni ba bayan haka? Ko in yi shiru in tsaya a kan tim na yanki har madam ta karɓe abin daga hannuna? Idan akwai wanda ya san irin wannan manhaja, ya san wata hanyar da za a ba mutum ɗaya ranarsa ba tare da kowa ya gani ba, don girman Allah ya yi magana yau. Ranar Asabar madam za ta buga waya, kuma na tabbata Saratu ba za ta tsaya ta amsa ba.